'Yar Ruwa Baƙar Fata: Fim Ɗin Da Ya Raba Kan 'Yan Kallo

Kusan shekara huɗu aka yi ana ka-ce-na-ce a kan The Little Mermaid tun kafin kowa ya sa shi a ido. Da ya fito, wasu suka shiga sinima suna hawayen murna, wasu suka rantse ko kyauta ba za su kalla ba. Shin me ya yi zafi haka a kan tatsuniya?

A al'adar harkar fim, sai kaya sun shiga kasuwa an saya an kalla, sannan ake jin yabo ko suka. Amma akwai fim ɗin da aka fara dambe a kansa tun ba a ɗora kyamara ba, aka kuma ci gaba da yi har ya shiga sinima ya fita. Wannan fim kuwa shi ne The Little Mermaid, wato 'Yar Ƙaramar 'Yar Ruwa, wanda kamfanin Disney na Amurka ya saki ranar 26 ga Mayu, 2023.

Labari ne na wata yarinya mai suna Ariel, daga ƙugu zuwa sama mutum, daga ƙugu zuwa ƙasa kifi. Ita ce autar Sarkin Teku, amma hankalinta duk yana kan tudu wajen 'yan Adam. Wata rana jirgin ruwa ya yi hatsari, ta ceci wani ɗan sarki mai suna Eric, shi ke nan so ya shiga. Sai ta je wajen wata mayya da ake kira Ursula, ta ba da muryarta aka ba ta ƙafafu, bisa sharaɗin ta shawo kan ɗan sarki cikin kwana uku, in ba haka ba ta zama mallakin mayya.

Tatsuniya ce dai irin wadda ake lallashin yara da ita. To amma sai ga manya masu gemu da furfura, da 'yan jarida, da masu sharhi a talabijin, sun tuɓe riga suna faɗa a kanta. Dalilin kuwa guda ne: jarumar da aka ba rol ɗin Ariel, wato Halle Bailey, baƙar fata ce.

Tushen labarin

Kafin a shiga cikin rigimar, ya kamata mai karatu ya san inda aka samo labarin. Wani marubuci ɗan ƙasar Danmak, Hans Christian Andersen, shi ya wallafa shi a 1837. Mutanen ƙasarsa suna ji da labarin ƙwarai, har ma a 1913 aka kafa mutum-mutumin 'yar ruwan a kan wani dutse a bakin teku a Copenhagen, babban birnin ƙasar.

Sai dai abin da Andersen ya rubuta ya yi hannun riga da abin da yawancin 'yan kallo suka sani. A nasa labarin, yarinyar ko suna ba ta da shi. Mayyar kuwa harshenta ta yanke ɗungurungum. Da ta samu ƙafafun, duk takun da ta yi ji take kamar a kan kaifin wuƙa take tafiya. Bayan duk wannan wahala, ɗan sarkin wata ya aura! 'Yan uwanta mata suka sayar wa mayya da gashin kansu, suka karɓo mata wuƙa don ta kashe shi ta koma gida. Ta ɗaga wuƙa, ta kasa, ta faɗa teku jikinta ya narke ya zama kumfa.

A 1989 kamfanin Disney ya ɗauki wannan labari mai ban tausayi ya yi fim ɗin katun da shi. Su suka raɗa mata suna Ariel, su suka ba ta jan gashi, suka haɗa ta da abokai: kifi Flounder, ƙaguwa Sebastian da tsuntsu Scuttle. Suka cire yankan harshe da mutuwa, suka rufe da ɗaurin aure. Fim ɗin ya karɓu matuƙa, ya ci kambun Oscar biyu ta fannin kiɗa da waƙa, ya kuma farfaɗo da sashen katun na kamfanin bayan ya daɗe yana tangal-tangal. Miliyoyin yara sun tashi da kaset ɗinsa a gida, suna kallo suna maimaitawa har kaset ya gaji. Waɗannan yaran su ne suka zama iyaye a lokacin da aka ce za a sake yin fim ɗin da mutane na gaske.

Ranar da wuta ta tashi

A farkon watan Yuli na 2019 kamfanin ya ba da sanarwar cewa Halle Bailey ce za ta fito a matsayin Ariel. A lokacin shekarunta 19. An haife ta a Atlanta a shekarar 2000, kuma an fi sanin ta da waƙa, ita da yayarta Chloe, a ƙarƙashin kamfanin fitacciyar mawaƙiyar nan Beyonce. Daraktan fim ɗin, Rob Marshall, ya sha faɗin cewa ita ce ta farko da ta zo gwaji, kuma da ta rera babbar waƙar fim ɗin, "Part of Your World", sai da ya yi hawaye. Daga baya an gwada 'yan mata masu yawa, amma a cewarsa babu wadda ta kamo ƙafarta.

Ai kuwa sanarwar na fita, sai intanet ta kama da wuta. Aka ƙirƙiro wani take, NotMyAriel, ma'ana wannan ba Ariel ɗina ba ce, aka yi ta yaɗawa. Masu adawa suka rabu kashi-kashi. Wasu suka ce su ba ruwansu da launin fata, kawai suna son a ba su Ariel ɗin da suka sani tun suna yara, fara mai jan gashi. Wasu suka ce labarin na Turawan Danmak ne, kuma Andersen da kansa ya siffanta yarinyar da shuɗin ido, don haka bai dace a canza ba. Wasu suka ce in Disney na son baƙaƙe da gaske, to ta ƙirƙiro sabon labari mana, ta daina yi wa tsoho fenti. Wasu kuwa zagi ne tsagwaronsa na wariyar launin fata, irin wanda ba ya maimaituwa a takarda.

Magoya baya su ma ba su yi shiru ba. Suka ce shin wa ya taɓa ganin 'yar ruwa da idonsa balle ya faɗi launinta? Kun yarda ƙaguwa tana waƙa, kifi yana magana, amma baƙar 'yar ruwa ce ta fi ƙarfin hankalinku? Wasu suka tuno da cewa labarin 'yan ruwa ba Turawa kaɗai ke da shi ba, domin a Afirka ta Yamma da tsibiran Karibiyan an daɗe da sanin Mami Wata. Ita ma Jodi Benson, matar da ta yi muryar Ariel a katun ɗin 1989, ta fito fili ta goyi bayan Halle, har ma daga baya ta ɗan leƙo a cikin sabon fim ɗin a matsayin mai sayar da kaya a kasuwa.

Ita dai Halle ba ta biye wa kowa ba. Ta bayyana a hirarrakin da aka yi da ita cewa Beyonce ta ba ta shawarar kada ta riƙa karanta abin da ake rubutawa a kanta. Ta kuma ce kakanninta sun zaunar da ita sun ba ta labarin irin wariyar da suka sha a zamaninsu, suka nuna mata cewa wannan rol ya wuce ita kaɗai. Annobar korona ta jawo jinkiri, sai a 2021 aka ɗauki fim ɗin, a situdiyon Pinewood da ke kusa da Landan da kuma tsibirin Sardiniya na ƙasar Italiya.

Hawayen yara

A watan Satumba na 2022 aka saki tirelar farko, wadda ba ta kai minti biyu ba. Ana nuna ƙarƙashin teku, sai jelar kifi ta gifta, can a ƙarshe sai ga fuskar Halle tana waƙa, da gashinta mai tufka irin wanda ake kira dada, an rina shi ja-ja. Rigima ta dawo sabuwa. Rahotanni sun ce sama da mutum miliyan ɗaya ne suka danna alamar ƙi a YouTube. Wani ma ya yi amfani da kwamfuta ya mayar da fuskar Halle ta Baturiya ya yaɗa, abin da ya sa aka rufe shafinsa a Twitter.

To amma a wannan karon wasu 'yan kallo na daban suka shigo fili, waɗanda ba su san ana wata rigima ba. Iyaye baƙaƙen fata a Amurka suka riƙa kunna wa 'ya'yansu mata tirelar, suna ɗaukar su a waya, suna sawa a TikTok. Za ka ga yarinya 'yar shekara huɗu ko biyar tana kallo shiru, da fuskar Ariel ta bayyana sai ta zaro ido, ta juyo wajen uwarta tana nuna allo, tana faɗin ai irinta ce. Wata ta yi tsalle, wata ta rufe baki, wata ta fashe da kuka. Hotunan suka zagaye duniya. Halle da kanta ta ce sun sa ta hawaye.

Wanda ya tashi a inda kowa baƙi ne, daga sarki har jarumar fim, zai iya mamakin wannan kuka. Amma a Amurka abin yana da tarihi. Tun a shekarun 1940 wasu masana halayyar ɗan Adam, miji da mata, Kenneth da Mamie Clark, suka yi wani gwaji inda suka ajiye wa yara baƙaƙe 'yar tsana fara da baƙa, suka tambaye su wacce ta fi kyau. Akasarinsu fara suka zaɓa. Har sai da aka kafa hujja da wannan bincike a shari'ar 1954 da ta haramta raba makarantun farare da baƙaƙe. A ɓangaren Disney kuwa, gimbiyarsu ta farko, Snow White, ta fito a 1937, amma ba a ga gimbiya baƙar fata a katun ɗinsu ba sai a 2009, shekara 72 ke nan. Ita ɗin ma, Tiana, yawancin fim ɗin a siffar kwaɗo ta yi shi! Wannan ne ya sa uwa za ta ga 'yarta tana murna, ita kuma ta kama share hawaye.

Gani ya kori ji

Da fim ya fito, sai aka ga wani abin mamaki. A Amurka iyaye mata suka yi ta kwasar 'ya'ya da ƙawaye zuwa sinima, yara sun sha ado irin na 'yan ruwa. A kwana huɗun farko fim ɗin ya tara sama da dala miliyan 118 a can. Ƙididdiga ta nuna kusan biyu cikin uku na masu kallon mata ne, kuma kusan ɗaya cikin uku baƙaƙen fata ne. Kamfanin CinemaScore, wanda ke tare mutane a ƙofar sinima yana jin ra'ayinsu bayan sun gama kallo, ya ce makin A suka ba shi. A shafin Rotten Tomatoes, kashi 67 cikin 100 na masu sharhin finafinai ne suka yaba, amma a cikin 'yan kallon da aka tabbatar sun sayi tikiti, masu yabon sun haura kashi 90.

A can gefe kuma, a shafin IMDb inda kowa ke iya ba da maki ko ya kalla ko bai kalla ba, sai ga dubban mutane suna ta zuba maki ɗaya cikin goma, wasu tun ranar farko. Abin ya yi yawa har masu shafin suka sa sanarwar cewa sun lura da ƙuri'u na ban mamaki, don haka sun canza yadda suke lissafi. Ke nan wanda ya shiga ya zauna ya kalla da wanda ya tsaya a waje yana jifa, ra'ayinsu ya bambanta kamar dare da rana.

Abu ɗaya da kusan kowa ya yarda da shi, har da masu sharhin da suka kushe fim ɗin, shi ne Halle ta iya. Muryarta ta ratsa mutane, kuma a dogon ɓangaren da Ariel ba ta magana, da ido da fuska kawai ta riƙe 'yan kallo. An kuma yaba wa Melissa McCarthy wadda ta fito a mayya Ursula, wadda a wannan karon aka mayar da ita gwaggon Ariel, 'yar uwar Sarki Triton da Javier Bardem ya fito a matsayinsa.

Ƙorafin da ba na launi ba

Kada mai karatu ya ɗauka duk wanda ya soki fim ɗin mai wariya ne. Akwai ƙorafe-ƙorafe na gaskiya, kuma da yawa daga bakin masoyan Halle suka fito. Na farko, an ce wasu wuraren na ƙarƙashin ruwa sun yi duhu, babu hasken launuka irin na katun. Na biyu, Flounder da Sebastian: a katun suna da fuska, suna murmushi, suna zare ido. Da aka mayar da su kifi da ƙaguwa na zahiri, sai suka zama kamar waɗanda masunci ya fito da su daga koma, baki na motsi fuska ba ta cewa komai. Na uku, tsawo: katun ɗin minti 83 ne, sabon kuwa minti 135, ƙarin minti 52 ke nan, abin da ya sa ƙananan yara suka riƙa mutsu-mutsu a kujera. An kuma yi wa wata sabuwar waƙa mai salon rap, "The Scuttlebutt", dariya sosai.

An ɗan taɓa baitocin wasu tsofaffin waƙoƙi biyu don su dace da zamani, aka kuma sa Ariel ce da kanta ta hallaka mayya a ƙarshe, maimakon Eric kamar yadda yake a katun. Wasu suka ce madalla, wasu suka ce shisshigi ne.

Akwai ma suka daga cikin gida. Wani baƙar fata ɗan Birtaniya mai fafutukar a dama da baƙaƙe a kafafen watsa labarai, Marcus Ryder, ya kai ɗansa kallo, ya yaba da Halle, amma ya ce fim ɗin ya nuna wani tsibiri mai kama da na Karibiyan a zamanin da ya yi kama da na cinikin bayi, ga sarauniya baƙa da ɗan riƙonta fari kowa na zaune lafiya, kamar ba a taɓa yin bauta ba. A ganinsa wannan shafe tarihi ne. Shi ma ya sha martani daga masu cewa tatsuniya ce, ba darasin tarihi ba.

Kasuwa ta yi halinta

A ƙarshe fim ɗin ya tara kimanin dala miliyan 569 a duniya, fiye da rabi daga Amurka da Kanada. Kuɗi ne masu yawa, amma an kiyasta an kashe kusan dala miliyan 250 wajen shirya shi, ban da kuɗin talla. In aka kwatanta da 'yan uwansa kuwa, Aladdin na 2019 ya haura dala biliyan ɗaya, The Lion King na wannan shekarar ya wuce biliyan ɗaya da rabi. Don haka masu cewa ya faɗi da masu cewa ya ci kasuwa, kowa ya samu abin kafa hujja.

Inda ya sha ƙasa sosai shi ne Sin da Koriya ta Kudu. A Sin ko dala miliyan 4 bai tara ba, kuma jaridar Global Times ta gwamnatin ƙasar ta zargi Disney da cusa baƙaƙe da ƙarfi. A Koriya ta Kudu masu kallonsa ba su kai miliyan ɗaya ba, alhali Aladdin ya samu sama da miliyan 12. Wasu suka ce wariya ce ƙarara. Wasu suka ce a bi a hankali: Black Panther, wanda kusan duk 'yan wasansa baƙaƙe ne, ya tara sama da dala miliyan 100 a Sin a 2018, kuma bayan korona finafinan Amurka da dama sun yi kwantai a can. A Koriya kuma ya yi karo da wani fim na gida, The Roundup: No Way Out, wanda ya kwashe 'yan kallo. Da aka sa fim ɗin a Disney+ a watan Satumba na 2023, kamfanin ya ce an kalle shi sau miliyan 16 a kwana biyar na farko.

Wa ke da tatsuniya?

In aka duba da kyau, masu cewa a bar labari yadda yake, ba labarin Andersen suke karewa ba. Da shi suke karewa, da sun nemi a yanke harshe, a hana aure, a mayar da yarinya kumfa. Abin da suke karewa shi ne Ariel ɗin da suka gani a kaset suna 'yan shekara shida. Wannan kuwa ba laifi ba ne, kowa yana kishin ƙuruciyarsa. Duk wanda ya taɓa karanta littafin soyayya sannan ya ga an yi fim ɗinsa, ya san yadda rai ke ɓaci in jarumar ba ta yi kama da wadda ya zana a zuciyarsa ba. Laifin yana farawa ne daga inda mutum ya ce tasa ƙuruciyar ce kaɗai ke da daraja, ta yarinyar da ke tsalle a gaban talabijin kuwa ko oho.

Ita tatsuniya haka halinta yake, duk garin da ta sauka sai ta sa kayan mutanen garin. Labarin Cinderella da ake ɗauka na Turawa ne, akwai irinsa a rubuce a ƙasar Sin tun ƙarni na 9, kuma duk wanda ya san tatsuniyar 'yar bora da 'yar mowa zai ga dangantakar. A 1997 an yi Cinderella a talabijin ɗin Amurka da mawaƙiya Brandy, baƙar fata, tare da Whitney Houston, miliyoyin mutane suka kalla. A ƙasar Hausa ma, Abubakar Imam ya ɗebo labarai daga Dare Dubu Da Ɗaya da tatsuniyoyin Jamusawan nan 'yan uwa biyu masu suna Grimm, ya sa musu rawani da babbar riga a Magana Jari Ce, wanda ya fara fitowa a 1937. Yau wa zai ce wa Bahaushe labaran nan ba nasa ba ne?

Rigimar dai ba ta ƙare a kan Ariel ba. A watan Maris na 2025 Disney ta saki sabon Snow White da Rachel Zegler, wadda mahaifiyarta 'yar asalin Kolombiya ce, aka sake tafka irin wannan faɗa, aka haɗa da siyasa, fim ɗin ya tashi da kimanin dala miliyan 205, ya yi asara. Ita kuwa Halle ta wuce gaba, ta fito a The Color Purple a ƙarshen 2023.

Sai dai a 2024 tashar yara ta Disney Junior ta fara nuna wani sabon katun mai suna Ariel, inda 'yar ruwan take baƙar fata. Yaran da suka tashi da shi, ita suka sani, ita suka saba da ita. Nan da shekara talatin, in wani darakta ya tashi sake fim ɗin ya ɗauko Baturiya mai jan gashi, kada a yi mamaki in su ne suka fara cewa wannan ba Ariel ɗinsu ba ce.